Google Dillali Ne, Ba Malami Ba

Yau ina so mu tattauna a kan wata al'ada da ta shigo mana gida ba sallama, watau yadda 'ya'yanmu ke ɗaukar wayarmu su tambayi Google duk abin da ya shige musu duhu, sa'an nan su rungumi amsar da ta fara fitowa kamar daga bakin malami ta fito.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, kwanan baya 'yar ƙanwata, yarinya mai shekara 12, ta zo mini fuskarta duk ta saɓule tana raɗaɗi. Ashe ƙuraje ne suka fara feso mata, kunya ta hana ta gaya wa uwarta, sai ta tambayi waya. Ta latsa abin da ya zo sama, aka ce ta kwaɓa lemun tsami da man goge baki ta shafa ta kwana da shi. Na ce wa ya gaya miki haka? Ta ce, "Inna, Google ne." Na ce shi Google ɗin likita ne? Sai ta sunkuyar da kai.

To, a nan gizo ke saƙar. Yaro bai san cewa Google dillali ne kawai ba. Abin da mutane suka rubuta yake tattarowa ya jera, na masani da na ɗan kasuwa da na mai shaci-faɗi. Sau da yawa kuwa waɗanda ke can sama talla ce, an biya kuɗi aka sa su a wurin, da 'yar alama ƙarama wadda ido bai cika kula da ita ba. A 2015 hukumar Ofcom mai lura da kafofin sadarwa a Birtaniya ta gwada yara, ta tarar 31 kacal cikin 100 na 'yan shekara 12 zuwa 15 suka gane talla a cikin amsoshin Google. Kusan ɗaya cikin biyar kuma sun ɗauka duk abin da ya fito lalle gaskiya ne. Waɗannan fa da harshensu suke karantawa. Ina ga namu, da Turancin ma da ƙyar suke haɗa shi, in sun nema da Hausa kuma abin da ke akwai bai taka kara ya karya ba?

Daga 2024 Google ya fara sa taƙaitacciyar amsa a sama, wadda na'ura ke haɗawa da kanta. A Amurka har ta taɓa ba mutane shawarar zuba gam a cikin abinci don cuku ya manne. Babba ya yi dariya ya wuce. Yaro fa?

Na san wasunmu za su ce a ƙwace wayar a huta. Ni ban ga amfanin haka ba, domin zai ara a makwabta, malamai ma suna ba da aikin gida da sai an bincika. Akwai wani makulli da ake kira SafeSearch, yana da kyau a kunna shi, amma hotunan batsa yake tarewa, ba ya tace ƙarya.

Aikin dai namu ne. Ko ba ki yi boko ba, ai kin san ba a sayen atamfa a rumfar farko sai an zaga an taya. Ki zauna kusa da shi, ki sa ya karanta miki amsar, ki tambaye shi wa ya rubuta, kuma me mutumin yake sayarwa. Ki sa ya buɗe ta biyu da ta uku ku ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Maganar magani da ta addini kuwa, ki kafa masa doka: kada ya aikata kome sai ya zo gare ki.

Ita yarinyar tawa mun kai ta asibiti, fuska ta warke, saura ɗan tabo a kumatu. Uwarta ce har yanzu take jin zafin cewa 'yarta ta fi sakin jiki da waya a kanta.