Dara, Hatimi da Kwamfuta: Wane Irin Horo Malaman Tsiga Suke Bukata?

A 2006 ne Jeannette Wing ta wallafa gajeriyar maƙalar da ta yayata abin da wasu ke fassarawa da "tunanin kwamfuta". Manufarta ita ce kowane ɗalibi ya iya rarraba babbar matsala zuwa ƙanana, ya gano abin da ke maimaituwa, ya ajiye abin da bai shafi matsalar ba, sannan ya jera matakan warwarewa yadda wani zai bi su ba tare da tambaya ba. Da batun ya iso Arewacin Nijeriya, sai ya fi bayyana a siffar bita ta 'yan kwanaki a birni, cikin Ingilishi. Malamin firamare daga Tsiga, a ƙaramar hukumar Bakori, zai halarta, ya karɓi takardar shaida, ya koma ajin da ba lantarki, inda yara ba sa jin wani harshe sai Hausa. Da wuya abin da ya koyo ya kai ƙarshen zango.

Akan ɗora laifin a kan rashin na'ura, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai tun shekarun 1990 Tim Bell na Jami'ar Canterbury ta New Zealand da abokan aikinsa suka nuna cewa ana koyar da tushen ilimin kwamfuta da kati da alli da wasa. Babban giɓin horon yana wajen harshe da misalai, kuma a nan ne masana Hausa suke da ta cewa.

Ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a wajen 1732 a kan hatimi, inda ya bayyana ƙa'idojin cika gidaje da lambobi ta yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai. Ko me aka yi amfani da hatimi a kai, kuma sanannen abu ne cewa malaman tsibbu sun fi kowa riƙe shi, ƙa'idar kanta jerin matakai ce tsantsa: sa lamba ta farko a nan, matsa kaza, idan gidan a cike yake yi kaza. Hatimi mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15, ya ishi malami darasin mako guda a kan allo. Haka dara take, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa. Yaron da ya iya ta ya riga ya san sharaɗi da hangen abin da zai biyo baya. Manomin yankin Funtuwa da Malumfashi da ke tsara inda masara da dawa da auduga da waken suya za su zauna, da lokacin sa taki gwargwadon saukar ruwa, shi ma matakai masu sharaɗi yake jerawa.

Darasin nahawu ma ya isa misali. A ba yara ƙa'idar cewa sunan da ya ƙare da wasalin "a" mace ne, su gwada ta da riga da hula da gona, sai su yi karo da gida da ruwa da nama. Neman inda ƙa'ida ta karye da gyara ta shi ne aikin da mai rubuta manhaja ke yi kullum. Malamin Hausa ya fi kusa da wannan fage fiye da yadda ake zato.

Abin da ya rage shi ne kalmomi. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya daidaita kalmomin harshe da adabi, kuma da su ake koyarwa har digiri na uku. Wannan fanni ma yana bukatar irin wannan aiki. "Tunanin kwamfuta" kanta tana ɓatarwa, domin tana nuna kamar na'urar ce ke tunanin; "tunani mai matakai" ya fi kusa da manufa. Irin wannan hukunci bai kamata a yanke shi a ofis ba. A kai kalmar aji uku na firamare, a ga ko yara sun kama ta.

Za a ce jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta tun 2015, kuma dara ba za ta koya wa ɗan Tsiga danna madannai ba. Haka ne, na'ura dole ce a sakandare. Amma yaron da ya saba jera matakai zai koyi madannai cikin makonni.

Tsarin horon ma ya kamata ya dace da wurin. Matsalar tsaro ta sa doguwar tafiya a wannan yanki ta zama kasada, kuma galibin malaman karkara suna noma, damina ba ta ba su sarari. Ya fi dacewa malaman makarantu huɗu ko biyar da ke kusa da juna su riƙa haɗuwa bayan kaka, kowa ya gwada darasi ɗaya a gaban 'yan uwansa, su gyara masa. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma da sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ahmadu Bello suna iya tura ɗaliban digiri na biyu su zauna a waɗannan haɗuwa, su rubuta kalmomin da malaman suka ƙirƙira da kansu yayin bayani, a tattara su a matsayin daftarin farko na ƙamusun fannin.