Tarkon Dixon Hill

Masoya Star Trek na yabon Dixon Hill, jami'in bincike mai zaman kansa na San Francisco a 1941, wanda Kyaftin Picard ke shiga rigarsa a holodeck, ɗakin da kwamfuta ke ƙirƙirar duniyar da ake iya taɓawa. Mu masu rubuta manhaja kuwa, abin kunya muke gani.

A shirin "The Big Goodbye" na 1988, siginar wasu baƙin halittu ta rikita ɗakin. Kariya ta ɗauke, ƙofa ta ƙi buɗuwa, harsashin wasa ya raunata masanin tarihi Whalen da gaske.

Kada a ce tsautsayi ne, sakaci ne. Birkin iska na jirgin ƙasa, idan bututunsa ya fashe, kamawa yake yi, jirgi ya tsaya. Ƙa'idar ke nan: ko na'ura ta lalace, mutum ya tsira.

Yau mu ke rubuta manhajar motoci da na'urorin asibiti. Duk wanda ya rataya ƙofa da kariya a wuyan kwamfuta guda, tarko ya ɗana. Kafin mu sayar wa jama'a duniyar mafarki, mu fara gina musu mafita.