Kafin Ka Sayi Tikiti, Duba Jirgin Kamar Yadda Kake Duba Waya

Jama'a, mu da ba ma sayen waya sai mun binciki girman batirinta, ƙarfin kyamararta da irin allonta, mu ne kuma muke biyan kuɗin da ya ninka na wayar a tikitin zuwa gida ba tare da mun san wane irin jirgi za mu shiga ba. Sunan kamfani kawai muke kallo, sai farashi, sai yawan kilo na kaya. Ra'ayina shi ne, a ajin ikonomi, samfurin jirgin da yadda aka jera kujerunsa sun fi sunan kamfanin tasiri a kan yadda za ka sauka: garau ko a jigace.

Mu fara da faɗin kujera. Boeing 777 ya fito ne da kujera tara a kowane layi. Daga baya yawancin kamfanoni suka cusa ta goma, ya koma uku-huɗu-uku, faɗin kujera ya dawo wajen inci 17. Emirates da Qatar Airways duk haka suke jera nasu 777 ɗin, duk da sunan da suka yi. Boeing 787 shi ma da takwas aka fara tallata shi, amma kusan kowa tara ya sa. Japan Airlines na cikin ƙalilan da suka bar takwas a dogon zango. Shi kuwa Airbus A350 mai tara a layi yana ba da kusan inci 18, A380 ma haka ko fiye. Za ka ce inci ɗaya me zai yi? To, ka yi awa 10 daga New York zuwa Accra kafaɗarka na goga ta maƙwabcinka, sai ka ba ni labari.

Sai tazarar da ke tsakanin kujerarka da ta gabanka. A dogon zango galibi inci 31 zuwa 32 ne. Amma lambar ba ta faɗin komai da komai. Sababbin kujeru sirara ne, suna ƙara wa gwiwa wuri, sai dai katifarsu ba kauri, bayan awa biyar ƙugu ya fara ƙorafi. Wasu tsofaffin jirage kuma suna da akwatin na'urar allo a ƙarƙashin kujera, ya cinye rabin wurin miƙe ƙafa.

Akwai abin da ido ba ya gani, kuma shi ne ya fi burge ni a matsayin mai son fasaha: iskar cikin jirgi. A tsofaffin jirage masu jikin alminiyom, jikinka yana jin kamar kana kan tsauni mai tsawon ƙafa 8,000. Su 787 da A350, saboda yawancin jikinsu na zaren kabon ne wanda ba ya tsatsa, ana daidaita su a kusan ƙafa 6,000, da ɗan ƙarin laima a iska. Sakamakon shi ne ƙarancin ciwon kai da bushewar maƙogwaro. Shi ya sa 787, duk da matsin kujerarsa, yake da abin da zai nuna wa 777. Idan ka samu A350 kuwa, ka haɗa biyun.

Yanzu ga inda kamfanoni suke ruɗar mu: allo da intanet. Gaskiya an ci gaba. Qatar Airways ta fara sa Starlink kyauta a jiragenta a 2024, wasu sababbin alluna kuma suna haɗuwa da abin kunnenka ta Bluetooth. Amma waya da kwamfutar hannu da ka zuba wa finafinai tun daga gida za su iya maye gurbin allo. Ba abin da za ka ɗauko daga gida ya ƙara maka faɗin kujera. Abin da ya kamata ka duba shi ne wurin caji: soket ne cikakke ko USB kawai? Wannan ya ƙara muhimmanci tunda Emirates ta hana amfani da fawa banki a cikin jirgi daga 1 ga Oktoba 2025, wasu kamfanoni ma sun tsaurara. Dokar da aka saba ita ce kada ya wuce 100Wh, wato kusan 27,000mAh, kuma a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kayan awo ba.

A ɓangaren hidima ne sunan kamfani yake da nauyi, wannan ban musa ba. A Qatar Airways, Emirates, Turkish Airlines da Saudia abincin halal ne, ba sai ka roƙa ba, kuma da yawansu allo yana nuna alƙibla. Saudia har wurin salla take warewa a wasu manyan jiragenta. A kamfanonin Turai da Amurka kuwa sai ka nemi abincin Musulmi, mai lambar MOML, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, in ba haka ba ka kwana da burodi da ruwa. Amma hidima aba ce mai canzawa: ma'aikatan da ka samu yau ba su ne na gobe ba. Kujera kuwa tana nan yadda aka kafa ta.

Wani zai ce, duk wannan lissafi, ai wanda ya tashi kai tsaye daga Landan zuwa Abuja awa shida da ɗoriya ya isa, wanda ya bi ta Doha kuwa zai yi kusan ninki biyu a sama, ban da zaman jira. Gaskiya ne, kuma idan Abuja ko Legas za ka, gajeriyar hanya takan fi kujera mai daɗi. Amma mai zuwa Kano dole ya sauya jirgi a wani wuri, Alƙahira, Addis Ababa, Doha ko Abuja. A nan sai ka duba zango biyun duka, domin wani lokaci na farko sabon babban jirgi ne, na biyu kuma ƙarami mai hanya ɗaya a tsakiya.

Abin ya wuce jin daɗi idan Hajiya ko Baba kake saya wa tikiti su zo ganin jikoki. Dogon zama a matse yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, musamman ga tsofaffi da masu juna biyu. Kujerar bakin hanya, da za su tashi su taka ba tare da jin nauyin tada wani ba, ta fi musu kowane allo amfani.

Binciken ba ya cin minti biyar. Google Flights yana nuna samfurin jirgi da tazarar ƙafa. AeroLOPA yana da taswirar kujeru dalla-dalla. Flightradar24 kuma zai nuna maka jirgin da ya yi wannan tafiyar a kwanakin baya, wanda yake da amfani saboda kamfani na iya sauya jirgi ba tare da ya tambaye ka ba. Idan bambancin farashin kaɗan ne, ni A350 zan ɗauka, sai A380, sai 787, sannan 777 mai goma a layi a ƙarshe. Kuɗin nan da guminka ka same shi, ɗan'uwa, kar ka saya ido rufe.