NAZARI: Irin GMO ya samu izini a Abuja, amma wa zai bi sawunsa a kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi?

Manomin wake a Kurfi ko Dutsin-Ma ya san tsutsar da ke shiga fure da kwanso tun kafin wake ya nuna. Masana na kiran ta Maruca, kuma idan ta yi tsanani takan lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Abin da aka saba yi shi ne feshi, sau shida zuwa takwas a damina guda, galibi ba tare da safar hannu ko takunkumin fuska ba.

Wannan tsutsa ce ta sa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ta samar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T. An dasa masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a cikin ƙasa, wadda ke sa shukar ta samar da sinadarin da ke kashe tsutsar. Hukumar NBMA, mai kula da irin wannan fasaha, ta amince da shi a watan Janairun 2019, aka ƙaddamar da shi a Kano a watan Yunin 2021. Masu binciken sun ce feshi biyu ya wadatar.

Auduga mai irin wannan kariya ta samu izini tun 2018. Masarar TELA, da aka tsara don jure fari da tsutsar da ta addabi masara tun 2016, ta biyo baya a watan Janairun 2024.

Amfanin da iyakarsa

A yankin da 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu na nesa, duk buhun da ya ƙaru a gonar kusa da gari riba ce. Rage feshi kuma sauƙi ne ga aljihu da lafiyar mai feshin.

Sai dai irin ba maganin komai ba ne. Bai hana ƙwaron da ke huda wake a rumbu, wanda shi ne ke sa wasu 'yan kasuwa zuba guba a buhu. Wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta haramta busasshen waken Najeriya a 2015.

Akwai kuma bambancin da ya kamata manomi ya sani. Wake kan yi barbara da kansa, don haka irin da aka ajiye yakan riƙe halinsa. Masarar TELA kuwa 'yar aure ce: wanda ya ajiye irinta zai ga amfanin ya ragu, sai ya koma wurin dillali duk shekara.

Darussa daga waje

Ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey ta daɗe tana adawa da fasahar, tana gargaɗi kan dogaro da kamfanonin waje da ɓacewar irin gargajiya. A watan Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da sababbin irin har sai an kammala bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce abincin wannan fasaha da ke kasuwannin duniya ya tsallake gwajin lafiya, amma dole a auna kowane iri da kansa.

Matsalolin da aka tabbatar a wasu ƙasashe sun fi shafar gona da kasuwa. Burkina Faso ta yi watsi da audugar a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi. A Indiya, tsutsar auduga ta saba da sinadarin har ya daina kashe ta. Don kauce wa haka ne ake shawartar manomi ya shuka irin gargajiya a gefen gona, domin tsutsar da ba ta saba da sinadarin ba ta ci gaba da haihuwa. Wannan shawara ba ta aiki sai da malamin gona.

Inda gizo ke saƙar

Dokar da ta kafa NBMA a 2015, wadda aka yi wa gyara a 2019, ta tanadi tantancewa kafin izini, kuma ƙa'idojinta sun buƙaci a sa alama a jikin kaya. Amma a kasuwar ƙauye da tiya ake awo, tiya kuwa ba ta da tambari. Da zarar an kwance buhu, waken ya gauraya da saura. Mai ƙosai ba ta san abin da ta saya ba, manomin da ya ɗebi iri daga tsabar kasuwa bai san abin da ya shuka ba. Ta wannan kafa ce kuma jabun iri ke shiga da sunan na Zariya.

Arewa ta san tsadar rashin bayani. Gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003.

Dutsin-Ma na da Jami'ar Tarayya mai tsangayar aikin gona da madatsar ruwa ta Zobe, jihar kuma na da hukumar KTARDA. Za a iya kafa gonakin gwaji inda manoma za su ga irin biyu gefe da gefe, a fitar da sakamakon cikin Hausa, a yi rajistar dillalai, a kuma adana irin gargajiya. Idan ba a yi haka ba, izinin zai tsaya a takarda a Abuja, manomin Kurfi kuma ya ci gaba da shuka abin da ba a gaya masa ba.