A Auna Hayaƙi Kafin A Ɗora Laifi

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wata shawara da na ke so mu duba tare.

Kowa ya ji an ce duniya tana ƙara zafi saboda iskar kabon, watau iskar da ke fita in an ƙona mai, ko gas, ko itace. A taron Glasgow na 2021 Nijeriya ta yi alkawarin cewa zuwa 2060 ba za ta riƙa fitar da wannan iska fiye da yadda za a iya shanye ta ba. To, wanda bai auna hatsinsa ba, yaya zai san abin da ya ragu a rumbu?

In aka raba hayaƙin mai da gas na ƙasar nan bisa yawan jama'a, kowa zai tashi da wajen rabin tan a shekara, alhali na mutumin Amurka ya haura tan 10. Amma irin wannan rabo yana ruɗi. Ya daidaita baƙauyen da bai taɓa sayen fetur ba da mai gida a Ikko wanda janaretansa ke kwana yana ruri. Ga kuma gas da a ke ƙonawa a banza a rijiyoyin mai na Neja Delta, shi ma an raba mana. In ba a auna gari gari, unguwa unguwa ba, wata rana talaka za a ɗora wa laifin da ba nasa ba.

Awon kuwa ba shi da wuya. Litar fetur ɗaya tana fitar da wajen kilo 2.3 na iskar, ta kananzir 2.5, ta dizal 2.7, kilo ɗaya na gas ɗin girki kuwa kilo 3. Janaretan da ke shan lita 4 kowane dare, cikin wata biyu ya kai rabin tan. Itace ne mai ɗan wuya, domin sai an ɗora damin a sikeli, kuma in an dasa wata bishiya za ta sake shanye iskar.

Saboda haka in mun fita gwajin koyarwa, mu sa wannan cikin darasin lissafi. Kowane yaro ya rubuto abin da aka ƙona a gidansu cikin mako guda, ba tare da suna ba, don kada a kunyata kowa. A haɗa, a gwada da na makarantar wani gari. Yaran za su koyi lissafi, gari kuma ya san matsayinsa. Allah ya sa mu dace.