Murhun Jin Ɗumi: Kada Ido Kaɗai Ya Yi Mana Ciniki

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, ɗan kuɗi ya shigo hannu, ga hunturu kuma a bakin ƙofa. A ƙasashen kan tudu sanyi ba abin wasa ba ne. Jos tana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma a watan Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 11 da dare, wani lokaci ma ƙasa da haka. A kan Mambila, wajen Gembu da Nguroje, tudun ya fi na Jos tsayi, can kuwa har da damina akan hura wuta kafin a kwanta.

Shi ya sa maganar murhun ɗumama ɗaki ta yawaita a tarurrukan ƙungiyoyinmu. Masu walda suna ƙera nasu, suna shafa musu fenti mai ɗaukar ido. Matasa suna nuna mana hotunan na ƙasashen waje a waya, masu ƙofar gilashi da ake hangen harshen wuta ta ciki. Kowa na so a shigo ɗakinsa a yaba.

Ga ra'ayinmu. Kafin a dubi fuskar murhu, a yi masa tambaya uku: Ina hayaƙinka yake zuwa? Icce nawa kake ci? Har yaushe ɗuminka yake kaiwa? In ya amsa su da kyau, to, sai a zo ga maganar ado, gama ado ma yana da nasa hakki.

Ina hayaƙin yake zuwa?

Wani zai ce, ai kakanninmu da wuta suka kwana a ɗaki. Gaskiya ne, amma a tuna da irin ɗakin. Rufin ciyawa ne, hayaƙi yana ratsa jinka ya fita, ƙofar kuma asabari ce ko zana. Duk da haka sun sha tari da ciwon ido. Mu kuwa yau mun gina da bulo, mun rufa da kwano, mun sa silin da tagar gilashi da ƙofar ƙarfe, in sanyi ya matsa har mu toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma. Wutar dā ce a cikin ɗakin zamani, hayaƙi ba shi da mafita.

Akwai kuma abin da ya fi hayaƙi haɗari. Duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita har sau 200 da ɗoriya. Alamunta na fari su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa akan ɗauka zazzaɓi ne. Mai barci kuwa ba ya jin kome, sai dai a wayi gari a tarar da gida cikin makoki. Kaskon gawayi ya fi kowanne cin amana, domin garwashinsa ja wur, ba hayaƙin da zai gargaɗe ka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Saboda haka murhun da za a kwana da shi a ɗaki, in ba shi da bututun fitar da hayaƙi waje, kada a saya, kome kyansa, kome arhansa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Bututun ma yana da ƙa'ida. Faɗin bakinsa ya kai inci 4 zuwa 6, gwargwadon girman murhun. Ya tashi tsaye, a rage masa lanƙwasa, gama kowace lanƙwasa tana rage masa ƙarfin zuƙar hayaƙi. Ya zarce rufi da ƙafa 3, a sa masa 'yar malfa don ruwan sama. Inda ya ratsa rufi kada ya taɓa katako ko silin, in kuwa rufin ciyawa ne, sai an yi shawara da gwanin magini tukuna. Murhun ƙarfe kansa ya yi nesa da labule, gado da buhunan hatsi da ƙafa 3, a kuma ɗora shi kan daɓe ko tubali.

Icce nawa yake ci?

A tsofaffin gidajen Turawa na Jos akwai murhun da aka gina a jikin bango, bakinsa a buɗe, an tsara shi da duwatsu gwanin sha'awa. Waɗansu masu sabon gini suna son su kwaikwaya. Muna ba su shawara su sake tunani. Buɗaɗɗen murhu irin wannan, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na zafin iccen ne kawai yake zama a ɗaki, sauran duk ya bi bututu, har yana jan ɗumin ɗakin ya fita da shi. Gabanka yana gasuwa, bayanka yana ɗari. Rufaffen murhu nagari, mai ƙofa da 'yar kafar daidaita iska, yana iya ba ɗaki kashi 60 zuwa 80. Watau damin iccen da zai ƙare a dare ɗaya a wancan, a wannan zai kai kwana uku ko huɗu. Wanda yake sayen icce ya san ma'anar haka. Matan da suke ɗauko shi a ka daga nesa sun fi kowa sani.

A kula kuma, murhun tsimin icce na girki daban yake da murhun jin ɗumi. Akwai Mai Sauƙi, murhun ƙarfe da aka yaɗa a Jamhuriyar Nijar a shekarun 1980. Akwai kuma Save80, wanda sunansa ya fito daga iƙirarin cewa yana rage cin icce da kashi 80 cikin 100. Dukansu masu amfani ne a madafa, amma an ƙera su ne don su tattara zafi a gindin tukunya, kuma ba su da bututu. Kada a shigar da su ɗakin kwana a rufe ƙofa.

Girma ma yana ruɗin ido. Mutum ya sayi ƙaton murhu don ƙaramin ɗaki, in ya hura, zafi ya yi yawa, sai ya toshe masa iska. Wutar ta koma ci a ɓoye, hayaƙi ya yi kauri, wani baƙin danƙo mai kama da kwalta ya taru a cikin bututu. Wannan danƙo yana kama wuta, shi ne yakan jawo gobara daga rufi. Ƙaramin murhu mai ci da kyau ya fi babba da aka shaƙe.

Har yaushe ɗumin yake kaiwa?

Sanyi ya fi tsanani da asuba, lokacin da wuta ta riga ta mutu. Nan ne ake gane bambancin abin da aka yi murhu da shi. Siririn ƙarfe, irin na gangar mai, yana yin zafi nan da nan, yana kuma hucewa nan da nan, ga shi ba ya daɗewa wuta take cinye shi. Ƙarfe mai kauri ya fi riƙe zafi, ya fi ƙarko, sai dai tsada. Tubali ƙonanne da yumɓu su ne masu jinkirin ɗaukar zafi, amma in sun ɗauka sai su riƙa sakinsa a hankali tsawon dare.

Mun san wannan hikima tun dā. Gadon ƙasa da tsofaffinmu suke sa garwashi a ƙarƙashinsa, ai aikinsa ke nan. Mutanen arewacin ƙasar Sin, inda sanyi yake daskarar da ruwa, suna da irinsa na tubali, suna kiransa kang. Bambancin shi ne, su sun yi wa hayaƙi hanya: daga murhun girki yana bi ta ƙarƙashin gadon, ya bar zafinsa a jikin tubali, sa'an nan ya fita waje ta bututu. Wuta ɗaya ta dafa abinci, ta ɗumama makwanci. Abin da ya rage wa namu gadon ƙasa shi ne wannan hanyar hayaƙi.

Don haka, ga mafi yawan gidajenmu, mun fi karkata ga murhun tubali ko yumɓu mai ƙofar ƙarfe, da faifan ƙarfe mai kauri a samansa inda za a ɗora buta ko tukunya, da bututu. Maginin gari da mai walda na gari za su iya haɗa shi, in ya tsage kuma ana iya liƙe shi da ƙasar bayan gida.

Ado ma yana da nasa hakki

Akwai masu cewa kyau ba kome ba ne, aiki kawai za a duba. Ba mu tare da su. Murhun da uwargida take jin kunyar baƙi su gani, ba zai yi shekara biyu a ɗaki ba. Gwamnatin Indiya ta gudanar da babban shirin ingantaccen murhu daga 1983 zuwa 2002, aka kafa fiye da miliyan 30 a gidaje. Da yawa daga ciki an yi watsi da su, domin ba su dace da yadda matan suke aikinsu ba, kuma in sun lalace ba mai gyara. Murhun da aka jingine a bayan rumbu bai yi tsimin ko ƙirare ɗaya ba. Don haka a tambayi mata tun farko: ina za a kafa shi, yaya tsayinsa, wace siffa suke so.

Abin lura shi ne, akwai adon da ba ya cutar da aiki, akwai kuma mai cutarwa. Murhun ƙasa ana iya yi masa yaɓe sumul, a shafa masa makuba ko farar ƙasa ko jar ƙasa, a yi masa zane irin na bangon gida. Duk wannan ba ya rage masa kome. Amma fentin gida in ya ji wuta sai ya ƙone, ya cika ɗaki da wari mai cutarwa. Kwanon rufi yana da wani farin shafe a jikinsa wanda turirinsa yake sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kada a yi jikin murhu da shi. Gangar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na ciyawa, a nisance ta. Gilashin taga ba ya jure wuta, fashewa yake yi; na musamman da ake sa wa murhu kuwa yana da tsada, in ya karye da wuya a sami madadinsa a kasuwar ƙauye. Ko ƙyallin ma ba riba ba ne, gama baƙin ƙarfe marar sheƙi ya fi farin ƙarfe mai ƙyalli watsa ɗumi cikin ɗaki.

Iccen da za a ba shi

Murhu nagari da ɗanyen icce, asara ce. Iccen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar za ta ɓata ƙarfinta wajen busar da shi. Nagari shi ne wanda ruwansa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. A faskara shi tun da wuri, a jera shi bisa duwatsu inda iska take ratsawa, a rufe samansa kaɗai. Busasshe ba shi da nauyi, bakinsa a tsattsage, in an gwara biyu suna ƙara ƙwal. Kada a sa leda, roba ko katako mai fenti a murhu, kada kuma a hura shi da fetur. A bar kaɗanya da ɗorawa su ci gaba da ciyar da mu. Ƙungiya ta ware fili nesa da rijiya da gonar abinci, ta dasa itacen turare, wanda waɗansu suke kira zaiti, ko dalbejiya, gama dukansu suna sake tohowa bayan an sare su.

Abin da ƙungiya za ta yi

Kada kowa ya ruga kasuwa shi kaɗai. Ba a cinikin biri a sama. Ƙungiya ta fitar da kuɗi daga asusu a yi iri biyu ko uku, a gwada su a ɗakuna masu girma ɗaya. A auna icce daidai da sikeli a ba kowanne. A rataya ma'aunin zafi a bango, a rubuta abin da ya nuna da ƙarfe 9 na dare, da tsakar dare, da ƙarfe 5 na asuba, har dare uku. A fita waje a dubi bakin bututu bayan wuta ta kama sosai: in hayaƙin ɗan kaɗan ne ƙwarai, murhun yana ci da kyau, in baƙi ne mai kauri, icce yana tafiya a banza. A cikin kwamitin gwajin a sa mata, a kuma ba ra'ayinsu nauyi.

Wanda ya ci gwajin, sai ƙungiya ta yi ciniki ɗaya da magini da mai walda don dukan masu so. Farashi zai sauka, kuma za a san wanda za a nema in gyara ya taso. A sa a cikin yarjejeniya cewa za a share bututu kafin hunturu da kuma tsakiyarsa. Inda ake da yara masu rarrafe, a yi wa murhu ɗan shinge. A bar wata 'yar kafa a buɗe kullum don iska ta shigo. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da take yin ƙara in iskar guba ta taru a ɗaki. Ƙungiyar da take da hali ta saya wa 'ya'yanta a sari.

In dare ya yi, mutanen ɗaki suka fara ciwon kai ko jiri gaba ɗaya, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje nan take, a kai su asibiti, kada a jira gari ya waye. Shugabannin ƙungiyoyi, muna roƙonku ku karanta wannan sashe da babbar murya a taronku na gaba, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.