Ra'ayinmu: Wa'adin kotu ba ya jiran a fita takaba

Duk wanda ya yi 'yan shekaru a aikin gwamnatin tarayya ya san yadda ake sallamar abokin aiki idan ya rasu. A liƙa sanarwa a allo, a tara gudummawa, a tura tawaga gidan mamaci da ambulan, a yi addu'a a watse. Ɗabi'a ce mai kyau, ba mu da ja a kanta. Sai dai idan ajalin ya zo ta hannun sakacin wani, ko gangancinsa, ko zaluncinsa, akwai haƙƙin da doka ta ajiye wa iyali wanda ya fi ƙarfin ambulan, kuma da wuya a ji an ambace shi a zaman makoki. Kafin iyali su dawo hayyacinsu, lokacin nemansa ya wuce.

Matsayin wannan jarida shi ne Najeriya ba ta rasa dokokin biyan diyya ba. Abin da ke cinye haƙƙin zawarawa da marayu shi ne gajartar wa'adi, da rashin sanin hanya, da jan ƙafa wajen biya. Dukkan ukun kuwa ta kan teburin ma'aikatan gwamnati suke bi.

Hanya ta farko ita ce ƙarar neman diyya a babbar kotu. Asalinta wata doka ce da Ingila ta yi a 1846, domin kafin nan wanda aka ji wa rauni yana iya kai ƙara, amma wanda aka kashe ƙararsa ta bi shi kabari. Tsohuwar Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956, Legas ta samu tata a 1961, yau kuma jihohi da Babban Birnin Tarayya kowa na da irinta. Sharaɗinta ɗaya ne: da a ce mamacin ya rayu yana da hurumin kai ƙara, to iyalinsa sun gaji wannan hurumi. Direban tirela da ya yi tuƙin ganganci, da kamfanin da ya ɗauke shi aiki, da asibitin da ya yi sakaci, da maginin da gininsa ya rufta, da kamfanin da ya bar wayar wuta a ƙasa, duk suna iya amsa tambaya a ƙarƙashinta. Wakilin gadon mamaci ne ke shigar da ƙarar a madadin mata ko miji da 'ya'ya da iyaye, idan kuma wata shida ya wuce bai motsa ba, su da kansu suna iya shigarwa. Dokar Arewa ma ta yi la'akari da addini, inda ta ce ga mamaci Musulmi, masu haƙƙi su ne waɗanda Shari'a ta ba rabo a diyyar kisan kuskure.

Ya kamata iyali su san abin da alƙali ke aunawa. Ba ya sa wa hawaye farashi. Yana duba abin da mamacin ke kashe wa iyalinsa a shekara, da shekarun da ake kyautata zaton zai ci gaba da yi, ya haɗa da kuɗin jana'iza, ya rage wani abu idan mamacin ma yana da nasa kason laifi. Ke nan takardar albashi, da rasidin kuɗin makaranta, da shaidar biyan haya, da takardar shaidar mutuwa, da rahoton 'yan sanda ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra, su ne makaman bazawara a gaban kotu. Haka nan mutane da yawa ba su san cewa inshorar mota ta dole, wadda kuɗinta ya tashi zuwa naira 15,000 daga Janairun 2023, an yi ta ne domin irin wannan rana ba. Iyakar naira miliyan 3 da ake yawan ambata ta shafi ɓarnar dukiya ce, ba ta shafi rai ba.

Kama direba ko gurfanar da shi ba ya nufin an biya iyali. Shari'ar laifi daban, ƙarar diyya daban, ko da yake dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya waɗanda ya cuta. Haka kwamitin ladabtarwa na hukumar likitoci yana iya dakatar da likita ko soke sunansa, amma ba ya ba iyali ko kwabo.

Hanya ta biyu ta ma'aikaci ce, kuma ita ta fi shafar masu karanta mu. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta wajabta wa kowane mai ɗaukar aiki, gwamnati ko ɗan kasuwa, ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya. Idan ma'aikaci ya rasu a dalilin aiki, ba a buƙatar iyali su tabbatar da laifin kowa. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye, wadda ta dogara kacokan ga mamacin, tana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, mai ɗa ɗaya kuma kashi 85. Dokar ta haɗa har da haɗarin da ya faru tsakanin gida da ofis. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga dubban ma'aikatan da ke sammako daga Mararaba da Nyanya da Kubwa da Suleja da Gwagwalada zuwa Sakatariyar Tarayya.

Bayan wannan akwai inshorar rai ta rukuni. Dokar Fansho ta 2014 ta tilasta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ko mene ne sanadin rasuwar, idan kuma ya ƙi yi, biyan ya koma wuyansa. Sai kuɗin da ke cikin asusun fanshon mamacin, wanda ba ya fita sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar wakilcin gado. A nan ne gidaje da yawa ke tuntuɓe. Sunan da ma'aikaci ya rubuta a gurbin makusanci ranar da ya kama aiki yana saurayi bai mai da wannan mutum magaji ba, amma yakan zama silar rigimar da ke riƙe fayil shekaru.

Hanya ta uku ita ce idan hukuma ce da kanta ta ɗauki ran. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare haƙƙin rayuwa, sashe na 46 ya buɗe ƙofar babbar kotu, ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 2009 kuma sun ce babu wa'adin da ke kashe irin wannan ƙara. Abuja ta ga misalai biyu, duka ana danganta su da Apo. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe matasa 'yan kasuwa biyar da wata budurwa, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Olasumbo Goodluck ya ƙaryata hakan, gwamnati ta ba kowane iyali naira miliyan 3, amma hukunci a kan waɗanda ake tuhuma bai zo ba sai a watan Maris na 2017, lokacin da aka yanke wa biyu hukuncin kisa. A ranar 20 ga Satumban 2013 kuma sojoji da jami'an DSS suka buɗe wuta a wani kango, mutum takwas suka rasu, galibinsu masu tuƙa Keke NAPEP. A Afrilun 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta umarci gwamnati ta biya naira miliyan 10 ga iyalin kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane ɗaya daga cikin mutum 11 da suka jikkata, jimilla miliyan 135. Kuɗin bai fito ba sai 2018. Waɗannan iyalai sun samu wani abu ne domin ƙungiyoyi da lauyoyi sun tsaya musu, duk da haka sai da yaron da aka bari a goye ya isa shiga makaranta.

Babban abin damuwarmu shi ne wa'adi. Dokar ma'aikata ta ce a sanar da wurin aiki cikin kwana 14, wato tun ba a yi sadakar arba'in ba, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya. Idan wani na waje ne ya yi sanadin rasuwar, iyali suna da wata shida su zaɓi tsakanin karɓar diyyar hukuma da kai ƙara. Mafi tsanani ita ce Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ta ce duk ƙarar da za a kai jami'i a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, a shigar da ita cikin wata uku daga ranar da abin ya faru. Kotun Ƙoli ta fassara ta da cewa ta rufe har hukumomi da ma'aikatu, ba mutane kaɗai ba. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Matar da motar hukuma ta kashe mijinta, ko sakacin asibitin gwamnati ya yi ajalinsa, tana iya fitowa daga takaba ta tarar ƙofar kotu a rufe. Akwai togaciya, kamar idan jami'in ya yi da mugun nufi ko ya wuce iyakar aikinsa, amma sai mai lauya ne ke iya shiga ta wannan kafa. Dokar ta samo asali ne tun 1916, an kwaikwayo ta daga wata dokar Ingila ta 1893 da masu ita suka soke tun 1954. Mu kuma muna nan riƙe da ita.

Wanda ya tsallake wannan ya yi nasara a kotu, sai ya tarar da wani shingen. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni-Janar. Wanda aka kayar a shari'a, shi ake roƙo ya yarda a karɓi kuɗin daga aljihunsa.

Akwai kuma shingen da muka gina da kanmu. Da zarar an yi rashi, sai dattawa su taru su ce an bar wa Allah, wani lokaci tun gawa ba ta kai makwancinta ba. Yafiya alheri ce, yarda da ƙaddara kuma imani ne. Amma addinin da ya koyar da ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, malamai kuma suka ƙiyasta ta da raƙuma 100 ko dinarin zinariya 1,000. Diyya gado ce. Baligi yana iya yafe kasonsa, amma kawu ko baffa ba shi da ikon yin kyauta da kason maraya. Kunyar a ce an ci kuɗin jini ta jefa yara da yawa talla da barin makaranta, ta kuma koya wa kamfanoni cewa ran talaka bai wuce buhun shinkafa da kuɗin likkafani ba. Inda ba a biyan diyya, ba a gyara birki.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta cire shari'o'in mutuwa da rauni daga ƙarƙashin wa'adin wata uku, ta mayar da su aƙalla shekara uku, kamar yadda dokar Legas ta tanada ga sauran jama'a. Ta kuma gyara sashe na 84, ta yadda idan an kai ƙarshen shari'ar rai, biya zai zama dole cikin ƙayyadadden lokaci, daga wani kaso da aka ware a kasafin kuɗi.

Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ba ya buƙatar jiran majalisa. Takardar umarni guda ta isa ta wajabta wa kowace ma'aikata cewa tawagar ta'aziyya ta tafi da rubutaccen bayanin haƙƙoƙin iyali, da wa'adin kowanne, da sunan jami'in da zai bi fayil ɗin, cikin harshen da iyalin ke ji. Sanar da NSITF nauyi ne da doka ta riga ta ɗora wa ma'aikata, bai kamata a bar wa mai takaba ba. Ofishin Akanta-Janar da NSITF da PenCom su riƙa wallafa duk shekara sunayen hukumomin da suka biya kasonsu da waɗanda suka ƙi, da yawan iyalan da ke jira. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya su buɗe teburin ba da shawara kyauta a manyan asibitocin gwamnati, inda mafi yawan waɗannan labarai ke farawa. Limamai da fastoci kuma su riƙa faɗin haƙƙin maraya a wurin da suke faɗin falalar haƙuri.

Ga ma'aikaci shi kansa, aikin ba shi da yawa. Ya sabunta sunayen da ke fayil ɗinsa da na kamfanin fanshonsa, ya rubuta wasiyya, ya nuna wa iyalinsa inda takardu suke. Hadiman ministoci da na 'yan majalisa, waɗanda aikinsu na wa'adi ne kuma rabin rayuwarsu a kan titi take cikin ayarin motoci, su tambaya tun yau ko sunansu na cikin wata inshora. Darakta ko akawun da fayil ɗin mamaci ya kwana a teburinsa wata shida, ya tuna cewa a bayan wannan fayil akwai gidan da mai haya ke ƙwanƙwasa wa ƙofa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.